Shagon caji ko manhajar Xender: ta ina ɓarakar direba ta fi kusa da wayarka?

Malam, ka tambaya: tunda ana ta maganar ɓaraka a direbobin Android, me ya fi haɗari, barin waya a shagon caji a Wunti da ke Bauchi idan an ɗauke wuta, ko karɓar manhaja ta Xender daga wayar aboki? A ganina na biyun ne. Bari in jera maka su ka gani.

Tushensu ɗaya. Android a kan kanel ɗin Linux take zaune, shi ne mai iko da memori da duk wani izini a cikin waya. Direba kuwa ɗan shiri ne da ke haɗa kanel da wani sashe na na'ura, kamar kyamara ko sifika ko guntun sarrafa hoto (guntu shi ne abin da ake kira chip). A cikin kanel ɗin yake aiki, shi ya sa idan ya yi rubutu a gurbin memorin da ba nasa ba, wanda ya iya sarrafa kuskuren zai iya mallake wayar baki ɗaya.

Ta ɓangaren USB, wato ramin da ake jona caja, ɓarakar da ta fi yin suna ita ce mai lambar rajista CVE-2024-53104, a direban kyamarar da ake jonawa ta USB. Tun 2008 kuskuren yake kwance a Linux, sai a Fabrairun 2025 Google ta saka facinsa a sanarwar tsaron Android. A watan ne ƙungiyar Amnesty International ta bayyana cewa hukumomin Sabiya sun buɗe wayar wani ɗalibi mai zanga-zanga, ƙirar Samsung Galaxy A32, da kayan kamfanin Cellebrite na Isra'ila. Na'urar takan yi shigar burtu, ta ce wa waya ita kyamara ce ko makamancin haka, direba ya tashi ya karɓe ta, ta cusa masa bayanan da ba ya iya tantancewa. Ko wayar na kulle abin yana yiwuwa, nan ne tsoron yake.

Amma duba abin da ake buƙata: wayarka a hannun mutum, da na'ura ta musamman mai tsada wadda hukumomin tsaro ake sayar wa. Yaron da ke caji a Wunti, kan caja da soket da janareta yake da su, kan caja kuwa wuta kawai yake bayarwa. Abin da zan fi ji maka a can shi ne a musanya maka batir ko wayar ta yi ƙafa. Ka tafi da kan cajarka da igiyarka, kada ka yarda a jona ta a kwamfutar da ba ka sani ba, shi ke nan.

Direban guntun hoto labarinsa daban, kuma shi ya fi shafar mu. Yawancin Tecno da Infinix da itel da ke hannun mutanen Bauchi guntun MediaTek ko Unisoc gare su, da dama daga cikinsu da guntun hoto na Mali na kamfanin Arm. Kowace manhaja tana magana da wannan direba kai tsaye don ta zana abin da kake gani a fuskar waya, ba ta neman izininka. Wato ko wasan yara ne, ko WhatsApp ɗin nan na jabu mai launi-launi da ake yawo da shi, ƙofa a buɗe take gare shi. A Oktoban 2023 Arm ta sanar da CVE-2023-4211, inda direban ke barin a taɓa memorin da aka riga aka saki, ta kuma ce akwai alamun an yi amfani da ita a kan wasu mutane ƙalilan da aka nufa. Masu Qualcomm ma ba su tsira ba, a Oktoban 2024 an toshe irinta a wani direba daban, CVE-2024-43047.

To ka ga bambancin. Ta farko sai an riƙe wayarka, ta biyu kai da kanka kake shigo da ita, kana godiya an rage maka data.

Inda suka sake haɗuwa shi ne jinkirin faci. Arm ko Google za su gyara, gyaran ya bi ta wurin mai guntu, sannan mai ƙera waya, kafin ya iso gare ka, in ma ya iso. A Nuwamban 2022 masu bincike na Project Zero, sashen binciken tsaro na Google, sun nuna ɓarakar Mali guda 5 da Arm ta riga ta toshe watanni kafin nan, amma wayoyin manyan kamfanoni ba su samu gyaran ba. Ina ga ƙaramar waya da ta shekara 4 a aljihu?

Ka shiga saitin waya, wajen bayanin waya, ka duba kwanan watan facin tsaro. Idan ya gaza Fabrairun 2025, ta USB ɗin nan tana iya kasancewa a buɗe. Idan kamfanin ya daina turo sabuntawa kuma a wayar kake da manhajar banki, ka tsaya a Play Store, abin da aboki zai turo maka ta Xender ya zama hoto ko bidiyo kawai.