Sulken baya iri biyu: Cacops da Chroniosaurus 'yan gida ɗaya ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya cewa tunda Cacops da Chroniosaurus, daɗaɗɗun dabbobi masu ƙafa huɗu da suka ƙare, duk suna da jerin allunan ƙashi a gadon baya, kuma duk sun rayu a zamanin Famiyan, wato tsakanin shekaru miliyan 299 zuwa 252 da suka wuce, me ya hana masana su sa su cikin zuriya ɗaya. Abin da ya hana shi ne kamannin daga nesa suke, domin da zarar an kifa allon an dubi cikinsa da yadda ya kama ƙashin baya, sai a ga gini biyu ne dabam.

Cacops, wanda Samuel Williston ya bayyana a 1910 daga duwatsun Teksas, ɗan dangin Dissorophidae ne. Allunansa hawa biyu ne: na ciki sun manne da kan tsinin da ke fitowa daga kowace gaɓar ƙashin baya, na waje kuma sun hau kansu sun rufe tsakani. Sirara ne ƙwarai, ba su kai ga rufe haƙarƙari ba. Ɗan'uwansa Dissorophus, wanda Edward Cope ya raɗa wa suna a 1895, shi ma hawa biyu gare shi, amma nasa masu faɗi ne, da babbar garkuwa a wajen kafaɗa, kuma allunan ciki suna da harshe da ke sauka tsakanin tsinayen maimakon ya manne da su. Aspidosaurus kuwa jeri ɗaya ne da shi. Ka ga ko a cikin gida ɗaya sulken bai tsaya a siffa guda ba.

Chroniosaurus na Rasha da danginsa, waɗanda aka kuma tono a Sin da Jamus da Kirgizistan, tsarinsu ya fi tsauri. Jeri ɗaya ne, allo guda a kan kowace gaɓa, kuma abin da ya keɓe su shi ne kowane allo yana sarƙe da na gabansa da na bayansa ta wata mahaɗa, inda ɓangaren wannan yake shigewa tsakanin fikafikan wancan kamar mabuɗi a cikin kuba. Wannan sarƙa babu irinta a wajen Cacops.

Sauran ƙasusuwan ne suke yanke hukunci. Dissorophidae na cikin rukunin Temnospondyli, masu manyan ramuka biyu a rufin baki, rukunin da masana da yawa ke ganin daga cikinsa kwaɗi suka fito. Su kuwa Chroniosuchia, wato rukunin Chroniosaurus da danginsa, a tsakanin manyan gaɓoɓin bayansu akwai wani ɗan ƙashi mulmulalle, kuma galibi ana kusantar da su ga reshen da ya haifar da masu jan ciki da masu shayarwa, ko da yake har yanzu ana muhawara a kan ainihin gurbinsu. Binciken Florian Witzmann da Rodrigo Soler-Gijón na 2010, inda aka yanka allunan siriri aka duba su a madubin ƙara girma, ya nuna tsarin ƙashin ya bambanta daga dangi zuwa dangi, abin da ke nuna sulken ya tsiro sau da dama, kowane a gashin kansa. Ba abin mamaki ba ne, tunda fatar dabbobi masu ƙafa huɗu tana da sauƙin haifar da ƙashi, kamar yadda ake gani a jikin kada.

Inda allunan suke da amfani na gaske shi ne a cikin dangi. Faɗinsu yana taimakawa wajen raba rassan Chroniosuchia biyu, wato Chroniosuchidae, masu faffaɗan sulke, da Bystrowianidae, masu siriri, kuma wasu jinsunan na biyun kusan da alluna da gaɓoɓin baya kaɗai aka san su, domin ƙashi ne mai kauri da ke jure binnewa. Madygenerpeton, wani ɗan Chroniosuchia na zamanin Tirayasik da ya biyo bayan Famiyan, wanda aka bayyana a 2010 daga Kirgizistan, allunansa masu ƙuraje sun taimaka wajen gano gurbinsa cikin danginsa.

A ganina, ko a nan ma sai an yi hattara, domin allon wuya ba ya kama da na kwankwaso a jikin dabba ɗaya, kuma na ƙarami yana sauya siffa yayin da yake girma, har mannewarsa da ƙashin baya kan zo daga baya. Wanda ya tsinci allo ɗaya tilo yana iya ƙirƙiro sabon jinsi alhali ɗan Cacops ne da bai gama girma ba.