Mun yi hayar ƙaramar tirelar kwana daga Jidda zuwa Abha: ga yadda na same ta

Wanda ya zauna a Jidda ya san halin watan Yuli da Agusta. Zafi ga gumi, iskar tekun ma ɗumi take kawowa. Shi ya sa da an ba da hutun makaranta jama'a ke ɗunguma zuwa Ɗa'ifa da Baha da Abha, garuruwan kan tsauni masu sanyi, kuɗin hayar ɗakuna a can kuma ya yi tashin gwauron zabi. A bana ni da maiɗakina muka yi hayar ƙaramar tirelar kwana, muka ɗaura wa motarmu. 'Yan uwa da dama a nan da Makka sun tambaye ni ko ta biya kuɗinta, to ga amsata.

Kada kalmar tirela ta sa a hango babbar mota. Wannan ɗan akwati ne mai taya biyu, gabansa a kumbure, bayansa ya tsuke, kamar ƙwai a kwance. Tsawonsa bai kai mita 3 ba, faɗinsa wajen mita ɗaya da rabi. A Amurka aka fara yayinsa tun shekarun 1930. Ciki katifa ce ta mutum biyu, da 'yan akwatunan bango, da fitila, da fanka a rufi mai aiki da batir. Ba a miƙewa tsaye a ciki, zama kawai da kwanciya. Ta baya akwai murfi da ake ɗagawa, a ƙarƙashinsa kicin yake: murhun gas, wurin kula, kantar kwanoni da jarkar ruwa. Babu banɗaki.

A titi ba ta ba ni wahala ba. Ba ta da nauyi, ba ta tare iska sosai, man da motar ta ƙara sha bai tayar mini da hankali ba. Mun bi ta Sailul Kabir muka hau Ɗa'ifa, don hawan ya fi sauƙi a kan na Hada mai kwane-kwane. Wurare biyu ne take neman natsuwa. Komawa da baya, domin gajeriyar tirela saurin lanƙwashewa gare ta, da ka ɗan murza sitiyari ta juya. Sai kuma gangara. Wadda muka karɓa ba ta da birkin kanta, duk nauyin a kan birkin mota yake, don haka a ƙaramar giya nake sauka, in na tsaya kuma in taɓa tayoyinta in ji ko sun yi zafi. Hanyar da ta tashi daga Ɗa'ifa ta bi ta Baha da Baljurashi da Namas da Tanuma har Abha duk kan tsaunukan Sarawat take, hawa da sauka ba sa ƙarewa, ga hazo da kan rufe gaba ba sallama.

Babban abin da nake so a fahimta shi ne tirelar nan ta tudu ce. A Ɗa'ifa, da ke sama da teku da kusan mita 1,800, mun yi barci da tagogi a buɗe da fanka, lafiya lau. A Abha, wajen mita 2,200, sai da muka ja bargo. A kusa da Suda, inda tsayin ya doshi mita 3,000, sanyin asuba ya sa alwala ta zama sai da ruwan ɗumi, a tsakiyar bazarar da mutanen Jidda ba sa iya kashe na'urar sanyaya ɗaki. A irin wuraren nan na ƙaunace ta. Ana ruwan yamma irin na Asir, yankin da Abha take, mai tsawa da iska, masu tanti suna ta kokawa da igiyoyi, mu muna ciki a bushe, a sama da ƙasa, ƙofa a kulle. Maiɗakina ta ce kulle ƙofar nan kaɗai ya sa ta iya barci a daji, kuma na fahimce ta.

Amma da muka gangara Tihama, yankin da ke ƙasan tsaunukan ta wajen teku, don ganin Rijal Alma'a, ƙauyen nan mai dogayen gidajen dutse, labari ya canja. Cikin ɗan lokaci akwatin ya ɗauki zafi har ba a iya zama ciki, fankar iska mai zafi kawai take juyawa. Ba mu kwana ba, muka sake hawa sama. Wanda yake tunanin kai ta bakin teku ko sahara a wannan lokaci ya haƙura sai hunturu, ko ya nemi mai na'urar sanyi ya kuma tanadi janareta.

Kicin ɗin ya burge ni ƙwarai. Ka tsaya a gefen hanya, ka ɗaga murfi, kafin ka shimfiɗa tabarma shayi ya tafasa. Mun dafa kabsa, mun yi miyar kuka da tuwon semo a dajin Ragadan na Baha, har wani dattijo da ke zaune kusa da iyalansa ya zo tambayar ƙamshin mene ne. Rumman da inabi da ɓauren da muka saya a hanya duk sun sami wuri. Gas ɗin ma ya raba mu da batun itace, domin hukuma na cin tarar masu sarar itacen daji da masu kunna wuta inda ba a yarda ba. Sai dai a waje kicin ɗin yake. In iska ta taso wuta ba ta tsayawa, in ruwa ya sauko murfin kai kawai yake karewa. Ga birai. Tsaunukan nan cike suke da su, sun saba da mutane, sun san abin da ke cikin leda. Kada a bar murfin a buɗe a juya baya, kada kuma a ba su abinci.

Inda ta gaza mini shi ne sutura da salla. Wanda ya ƙera ta bai yi tunanin macen da za ta yi girki ba tare da idon jama'a a kanta ba, ko wurin da za a tsaya a yi salla in ana ruwa. Da farko maiɗakina ta ce, "Malam, wannan ɗakin kwana ne kawai, ina tsakar gidan?" Gaskiyarta. A Baha muka sayi rumfa mai labule muka riƙa kafawa a gefen ƙofa, da ƙaramin tantin wanka, sai zaman ya daidaita. Ya kamata masu ba da haya su riƙa haɗawa da waɗannan, amma wanda ya ba mu bai ko ambata ba. Batirin da ya sa mana ma ya tsufa, ba ya kai fanka asuba sai in mun yi doguwar tafiya a ranar. Banɗaki kuwa mun dogara da na masallatai da gidajen mai, don haka muke zaɓar masauki kusa da su. Daren da aka yi hazo kuma tagogi sukan yi raɓa ta ciki, dole a bar kafar rufi a ɗan buɗe ko da ana sanyi.

Ga mata da miji, ko abokai biyu, da za su tsaya a kan tudu, ina ba da shawararta da zuciya ɗaya, kuma in Allah ya kai mu baɗi zan sake ɗauka. Mai yara uku ko huɗu ba za ta ishe shi ba sai da babban tanti a gefe, in kuwa haka ne gara ya lissafa ko hayar ɗaki ta fi masa. Kafin a sa hannu a takarda a gwada batir da fitilun baya, a duba sarƙar tsaro da safayar taya, a kuma tambayi abin da inshora ta ɗauka. Wurin kwana kada ya zama cikin kwari komai kyansa, domin ruwan da aka yi a can saman dutse yakan iso da ambaliya inda ko yayyafi ba a yi ba.