Na'urar USB mai shan wuta daga allonka ko mai nata cajan: wanne za ka saya?

Idan ka haɗa allon lantarki mai ƙaramin kwakwalwa kamar STM32 ya zama mai masaukin USB, wato wanda ake jona wa sauran na'urori, ka san ƙa'idar USB 2.0: volt 5 a layin VBUS, wato wayar da ke ɗauke da wuta a kebul ɗin USB, 100mA kafin na'ura ta gabatar da kanta, 500mA bayan an amince mata. USB 3.0 ya ɗaga zuwa 900mA. Madannai da filashin ajiye bayanai ba sa ƙetare wannan. Amma firintar rasit mai ɗumama takarda da modem na GSM, wanda kan zuƙi kusan 2A a lokacin aika saƙo, su ne ke sa allo ya mutu ya tashi.

Hanya mafi arha ita ce ka bar na'urorin suna sha daga allonka, ka sa makunnin da ke iyakance wuta irin TPS2051 na Texas Instruments, da kafasita na akalla 120µF a VBUS. Ga ƙananan kaya, wannan ya wadatar, kuma ni ba zan canza ba.

Idan kayan sun yi nauyi, sai hub, wato na'urar da ke raba kafar USB ɗaya zuwa kafofi da yawa, mai nasa adafta. Shi ke ba kowace kafa 500mA, alhali hub mai sha daga allo 100mA kawai yake iya bayarwa. A nan ne nake so mai saye ya tsaya ya duba da kyau, domin hub masu arha da yawa suna mayar da wuta baya ta VBUS zuwa allonka, abin da ƙa'ida ta hana. Don gwadawa, ka cire hub ɗin daga allon, ka sa adaftarsa, ka auna kafar da ke shiga allo da mita. In ka ga volt 5, kada ka yi amfani da shi. Kuma ka tabbata manhajar da ke kan allonka tana gane hub, don ba kowace ke yi ba.

Na'ura mai wutarta kai tsaye ta fi min tsafta, sai dai kada ka ce tunda tana da caja sai ka yanke VBUS. Da shi take sanin an jona ta kafin ta ɗaga D+, ɗaya daga wayoyin bayanai na USB, da resista 1.5k. Ɗan wuta kaɗan ya isa.

Wani abu da ake mantawa: in allonka na kan batir, firinta kuma na kan wutar NEPA, da an ɗauke wuta firintar za ta ɓace ta dawo, don haka manhajarka dole ta iya sake gane ta ba tare da an kashe allo ba. Inda adaftoci biyu suke da layin ƙasa (ground) daban-daban kuma ana samun hayaniyar lantarki, guntun lantarki mai suna ADuM3160 yana raba su, amma iyakarsa 12Mbps.