Ranar da garin kwaki ya kumbura a bayana

Kafin in baro Kano na shiga Sabon Gari na sayi jakar goyo, irin ƙatuwar nan mai aljihu goma sha wani abu, igiyoyi na reto ta ko'ina. Mai shagon ya ɗaga ta ya buga da tafin hannu, ya ce, "Yallaɓai, wannan ta sojan Turai ce. Ko a Tiga ka jefa ta, wallahi ruwa ba zai shiga ba." Na taya ya yi albarka, na ƙara ya sallama. Shekara biyu tana kan kwaba a ɗakina a Gilasgo, wani birni a Sikotilan ta ƙasar Birtaniya, sai bana da abokan aiki suka ja ni tafiyar ƙafa.

Sunan hanyar West Highland Way, kilomita 154 ce, daga Milngavie a bakin Gilasgo har Fort William, gindin dutsen Ben Nevis. Kamar dai ka tashi daga Kano ka nufi Zariya a ƙasa, kana kwana a tanti, mako guda cur. Da na gaya wa Hajiya a waya, shiru ta yi, can ta ce, "Motar ce ta ƙare a ƙasar, ko kuɗin motar ne babu?"

Na cika jakar nan cikawar mai ƙaura: wando huɗu, jallabiya, dadduma mai kauri, tukunya, dabino, ƙuli-ƙuli, da garin kwaki mudu guda da na sayo a shagon 'yan Afirka. Na ɗora a sikelin banɗaki, kilo 19. Na ce ai namiji ne.

Ruwan nan ba irin na Agustanmu ba ne, da zai yi kwarankwatsa ya zuba na awa ɗaya, rana ta fito a shanya kaya. Yayyafi ne mai naci, iska na kaɗo shi ta gefe tun safe har dare. A rana ta biyar muka ratsa Rannoch Moor, wata fadama shimfiɗe da babu bishiyar da za ka raɓe, babu rumfar mai shayi. Tun azahar na ji jakar na ƙara nauyi, na ɗauka gajiya ce. Da yamma da muka kafa tanti na ja zif, kansa ya fita a hannuna. Na ɓarke bakin da ƙarfi. Jakar barcina, wato bargon da ake shiga cikinsa a kwanta, ta zama tsumman goge ɗaki. Daddumar sai da na matse ta. Ledar garin kuwa ta fashe, garin ya sha ruwa ya kumbura ya bi kowane lungu, har cikin safa. Wato tun rana ina goye da kwakin da ya jiƙa, sukari kawai ya rage.

Ina tsugune ina kwasar gari da cokali, haƙorana na haɗuwa, sai ga wata tsohuwa daga tantin kusa, ta kai sa'ar Hajiya ko ta girme ta. Ta gwada ɗaga jakata da hannu biyu ta kasa, ta tambaye ni cikin ladabi ko gida nake canzawa. Sannan ta miƙo mini tata da yatsa biyu. Fara ce, tana ƙarar leda in ka taɓa, babu zif ko ɗaya a jiki. Ta warware bakin ta zaro rigar sanyi busasshiya ƙamas, kamar yanzu aka sauke ta daga igiya, ta ba ni aro har safe. Na gode mata, amma ban yi barci ba, kuma ba sanyin kaɗai ya hana ni ba. Ni ɗan Kano, jikan fataken da suka riƙa kai kaya Gwanja su dawo da goro a kan jaki, da alhazan da suka taka ta Chadi da Sudan har bakin teku, yau tsohuwa ce ke koya mini ɗaurin kaya.

Da muka dawo na nufi wani shagon kayan masu hawan dutse, da niyyar in sayi irin tata ko nawa ce. A nan ne aka ƙara kunyata ni, ta wata fuskar.

Yaron shagon bai fara da kuɗi ba. Ya auna tsawon bayana daga wuya zuwa ƙugu, don jakunkunan ma lamba gare su kamar takalmi. Ya zuba buhunan yashi a ciki, ya ɗaure mini ɗamarar a ƙugu, ya ce in zaga shagon, domin nauyin a ƙugu ya kamata ya zauna, ba a kafaɗa ba. Kwana bakwai kenan na yi ina azabtar da kafaɗata a banza. Ya ɗora jakar a sikeli a gabana, ba ta kai kilo ɗaya ba. Tawa, babu komai a cikinta, ta kusa uku.

Yadin sunansa Dyneema. Wani kamfanin Holan ne ya fito da zaren, masu shi kuma suna cewa in aka daidaita nauyi ya ninka ƙarfe sau 15 a ƙarfi. Ba saƙa shi ake ba, shimfiɗa zaren ake a manne shi tsakanin wasu siraran ledoji, shi ya sa ba ya shan ruwa. Asali ma filafilan jiragen ruwa na tsere aka fara yi da shi. Inda allura ta huda, sai a bi ɗinkin da tef ta ciki. Bakin kuma naɗe shi ake sau uku kamar tabarma, a maƙale. Kuɗin ya haura fam 300. Mai son sanin nawa ne a naira ya leƙa Wapa ya tambaya, amma ya samu wuri ya zauna tukuna.

Na zaro kati zan biya, yaron ya ce in dakata. Ya tambayi abin da nake ɗauka, na lissafa masa, ban da garin. Ya ce wannan jaka ba tawa ba ce tukuna. An yi ta ne don mutanen da duk kayansu, ban da ruwa da abinci, ba sa wuce kilo huɗu da rabi, irin waɗanda har mariƙin buroshin haƙori suke yankewa. In na loda mata kilo 19 za ta ci mini baya. Ya ce yadin ba ya son gurzuwa a jikin dutse, kuma in ta tsufa tef ɗin kan saki. Sai ya faɗi maganar da har yau take yi mini yawo a kai: babu jakar da zai rantse mini ruwa ba zai taɓa shiga ba. Duk wadda na saya, in sa ƙatuwar ledar shara mai kauri a ciki, in zuba kayan barcina, in murɗe bakin.

Leda, jama'a. Abin da ya toshe mana kwatoci daga Fagge har Kurna.

Na tsaya ina kallon yaron nan. Mutum ya zo da kuɗi a hannu, ka faɗa masa aibin kayanka, ka tura shi ga mai araha. A gida a ce yaron shago ya yi haka, kafin la'asar maigida ya sallame shi. Mu abin da muka iya shi ne rantsuwa. A kan jakar 'yan dubbai mutum zai kira sunan Allah sau uku, alhali da ya ce "Yallaɓai, ta makaranta ce, kar ka shiga ruwa da ita" zan saya, in kuma dawo. Kuma kada mu ɗora wa 'yan kasuwa duka. Mu masu sayen ma haka muke so. Wanda ya gaya mana gaskiya sai mu wuce shagon gaba, wurin mai cewa "orijina ce", muddin an liƙa babban suna a jiki, ko da harafi ɗaya ya ɓace a rubutun.

Abin da ya fi ci mini rai, ba hannu muka rasa ba. Fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, da yawanta daga ƙasarmu ta ƙetara Sahara. Dukawanmu su suka ɗinka gafaka da burgami da salkar da ke riƙe ruwa a tsakiyar hamada. Ka kai wa telan Ƙofar Wambai kowace irin jaka, gobe ka tarar da 'yar uwarta. Yadin kirki da tef da ma'auni ne babu, da mai sayen da zai biya ladan aikin.

Ba komai na nan ne ya burge ni ba. Na tambayi gyaran zif ɗin tsohuwar jakata, aka ce sai an aika wani gari, makonni, kuma kuɗin ya fi wanda na saye ta. Na tuna mai gyaran takalmi na bakin layinmu, da zai matse kan zif da filaya, ya goga masa kyandir, kafin ka gama gaisawa da mai rake ya gama. Kuma duk wannan tsadar kwalliya ce a kan abin da ƙafa ke yi. A 1955 wata tsohuwa Ba'amurkiya, Emma Gatewood, tana da shekara 67, ta taka hanyar Appalachian ta fiye da kilomita 3,000 da buhun da ta ɗinka da hannunta, labulen banɗaki ne rumfarta. Bafulatanin da ke kora shanu kudu da rani, da sanda da gora da malafa, ya riga su sanin sirrin rage kaya, ba wanda ya ɗauke shi hoto ne kawai.

A ƙarshe matsakaiciya na saya, mai lita 50, da ledar shara ƙunshi guda. Tsohuwar na wanke ta sau uku, har yanzu in na girgiza gari na zubowa. Na ce wa Hajiya da Babbar Sallah zan taho da ita, in je Sabon Gari da bokitin ruwa mu gwada a gaban mai shagon. Ta ce in rufa wa kaina asiri, in kawo a gyara zif ɗin, jikanta zai shiga makarantar kwana.