Sitikar hana radiyeshan ta naira 3,500: abin da na gani bayan wata ɗaya

Ba don kaina na saye ta ba. Uwargida ce ke da ciki wata shida, kuma wata ƙawarta ta turo mata saƙon murya a WhatsApp wai tururin waya, wato radiyeshan, yana taɓa ɗan da ke ciki. Tun daga ranar ta daina ajiye waya kusa da ita, ni ma in na shigo ɗaki da tawa a aljihun gaba sai ta ce, "Abban yara, don Allah a ajiye ta a falo." Da na je kasuwar waya canjin sikirin, na ga yaron shagon ya jera wasu sitikoki masu ruwan zinare a gilashi, kowace kamar kwandala. A jikin kwalin an rubuta wai tana tare kashi 99 cikin ɗari na radiyeshan. Ya ce, "Alhaji, wannan ko likitoci ita suke sawa." Na biya 3,500, ya manna min a bayan wayar.

In dai kyau ne, tana da kyau. Gam ɗin yana kamawa, ba ta ɓare ba, ruwan zinaren bai koɗe ba duk da zufa da aljihu. Uwargida ta samu natsuwa, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ake jiran haihuwa. Yabon da zan iya yi mata ke nan.

Ƙanena da ke karatun injiniyan lantarki ya zo hutu ya gan ta. Dariya ya yi har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Yaya, sabis ɗinka ya ragu tun da ka manna?" Na ce ko kaɗan, layi huɗu cif. Ya ce to abin da ake cewa radiyeshan ɗin waya shi ne sabis ɗin kansa, da shi wayar ke magana da dogon ƙarfen sadarwa. In an tare kashi 99, da me kira zai shiga? Ya shiga kicin ya yago takardar alminiyam da ake naɗe kifi, ya naɗe wayata tsaf har ninki uku, ya kira lambata da tasa. Sai muka ji wai ba a samun layin. Ya warware, ya sake kira, ta yi ƙara, sitika tana nan a manne tana ƙyalli. Ban ce komai ba, na ɗauki kofin shayina.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bayanin da ya biyo baya. Waya tana da dabarar ƙara ƙarfi da ragewa da kanta. In sabis ya yi rauni sai ta ƙara ƙarfin abin da take fitarwa don ta cimma ƙarfen sadarwa, shi ya sa batir ke saurin ƙarewa in mutum ya je ƙauye. Ashe ko da sitikar tana tare wani abu, wayar ƙara ƙaimi za ta yi. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta daɗe da yin wannan gargaɗin a kan irin waɗannan kaya.

Daga nan na zauna na karanta da kaina, don ba na son a ce ƙane ne ya juya ni. Akwai iyaka da aka sa wa kowace waya, ana kiranta SAR, wato yawan ƙarfin da jiki ke sha. A Turai iyakar da aka sa wa kan mutum ita ce wat 2 a kowane kilo, a Amurka 1.6, sai dai hanyar awon ta ɗan bambanta. A tawa wayar na danna *#07# sai bayanin ya fito, kuma lambar tana ƙasa da iyakar. Ba kowace waya ke nunawa ba, ta uwargida shiru ta yi. Kuma iyakar ba ado ba ce: a watan Satumba na 2023 Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 saboda awon hukumarta ya nuna 5.74 a gwajin riƙewa a hannu, inda iyakar hannu take 4. Sai da kamfanin ya gyara manhajar wayar aka bari.

Ban ce babu abin dubawa ba sam. A 2011 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tururi a rukunin 2B, ma'ana mai yiwuwa yana jawo sankara amma shaidar ba ta yi ƙarfi ba. Wannan kalma ta "mai yiwuwa" ita masu saƙon murya suke ɗauka su mayar da ita "tabbas". A 2024 an fitar da wani babban nazari da hukumar ta sa a yi, wanda ya tattara bincike 63, bai samu alaƙa tsakanin amfani da waya da sankarar ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka yi shekara goma suna amfani da ita. Kuma tururin waya ba irin na hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti ba ne. Wancan yana da ƙarfin taɓa ƙwayar halitta, na waya kuwa illar da aka tabbatar ita ce ɗumama nama in ya yi yawa, kuma a kan haka aka gina iyakar. Mun dai ga yadda aka yi ta yaɗa cewa 5G ce ta kawo korona a 2020, alhali a lokacin ba a ma fara sayar da 5G a Najeriya ba, sai 2022.

Wanda hankalinsa bai kwanta ba, abin da ke aiki kyauta ne: tazara. Ƙarfin yana faɗuwa da sauri da zarar waya ta bar jiki. Uwargida yanzu sifika take sawa ko abin kunne, da dare kuma wayar tana kan durowa maimakon ƙarƙashin filo. Doguwar hira da 'yan'uwanta a tsakar gida take yi inda sabis ya fi cika, ba a ƙuryar ɗaki mai layi ɗaya ba.

Na koma shagon, ba don faɗa ba. Na tambayi yaron wa ya gwada kashi 99 ɗin. Ya juya kwalin gaba da baya, babu sunan kamfani, babu adireshi, babu lambar wata hukuma. Ya ce, "Wallahi Alhaji, haka muka saro ta." Na yarda da shi. Kuɗi dai ba su dawo ba.

Tauraro ɗaya nake ba ta cikin biyar, shi ma na gam ne. Har yanzu tana manne a wayata, don na gwada ɓare ta sai na ga za ta tafi da fentin murfin.