Takunkumin kiwo da na saya wa godiyar 'yata, abinda na gani bayan wata shida

Ranar da na fara ɗaura wa godiyar takunkumin nan, wanda ake sa wa doki a baki dan ya rage cin ciyawa, 'yata kuka ta dinga yi, wai Abba yanzu kai da hannunka zaka rufe mata baki tana kallon ciyawa? Nima wallahi raina bai so ba. Amma duk wanda yaga halin da dabbar nan ta shiga bara zai gane dalilina.

A arewacin Ingila muke zaune, godiyar kuma 'yar ƙuru ce irin ta Wales, muna ajiyeta a wata barga dake bayan gari. Cikin watan Mayun bara naje da safe na tarar ta miƙar da ƙafafun gaba ta jingina nauyinta duk a na baya, kace akan garwashi take tsaye, na taɓa kofaton naji zafi, jijiyar dake samansa ta baya tana bugawa da ƙarfi, juyawa ma ta gagareta. Likitan dabbobi yace laminaitis ne. Yanda ya bayyana min, akwai wasu siraran nama da suke riƙe ƙashin cikin kofato da bangonsa, in ƙiba tayi yawa insulin, sinadarin da yake daidaita suga a jiki, ya hau a jini sai su raunana, in aka yi sake ƙashin ya juya ko ya nutse ƙasa, wasu dawakan ma daga nan basa tashi. Kuma ba komai ya jawo ba sai sabuwar ciyawar Afrilu da Mayu mai cike da suga.

Ni da na taso ina ganin dawakan hawan sallah ɗaure a turke, ana auna musu harawa da dusa da gero, doki mai kauri a wuya a wajenmu abin alfahari ne. Ashe tudun kitsen nan dake ƙarƙashin gezarta alamar ciwo ce. A gida yawanci hatsi ne in yayi yawa yake kada doki, anan kuwa filin kiwon kansa ne.

Kala biyu na gwada bana. Na farko kamar ƙaramin bokiti yake, rami ɗaya ne a ƙasansa, bashi da tsada, amma cikin kwana huɗu ya goge mata haɓa har gashin wajen ya tafi, ga zufa in rana ta fito, sai kaji tana huci a ciki. Na ajiyeshi. Na biyun mai kama da kwando ne, a buɗe ta gefe iska na shiga, yafi tsada sosai amma shi muke amfani dashi har yau. Na naɗa masa fatar tunkiya mai gashi a inda yake taɓa hanci da haɓa, kuma na haɗa shi da ragama mai tsinkewa in ta maƙale a shinge, wannan kar kowa yayi wasa dashi dan Allah.

Kwana biyun farko ƙin ci tayi, ta tsaya bakin ƙofa tana goga fuska a jikin katako. Sai da na tsugunna ina tura mata ciyawa ta ramin da yatsana, tsinke ɗaya tsinke biyu, leɓenta na lalube har ta gane hanya. Ban bar wajen ba kuma sai da naga ta tsoma baki a ruwa ta sha da abun a fuskarta. Da awa ɗaya muka fara muna ƙarawa a hankali.

Yana aiki? Gaskiya yana yi. Binciken da aka yi akan ƙananan dawaki a Birtaniya ya nuna yana rage cin ciyawa da wajen kashi 80 cikin 100, ni dai da igiyar awo nake dubata duk sati biyu, kuma sirdin da bara ɗamararsa bata kaiwa yanzu har rami biyu na rage, wuyan da yake tauri kamar dutse ya saki. Kuma tana cikin 'yan uwanta tana yawo, ba a kulle ita kaɗai a ɗaki ba, wannan shine babban abinda yasa nafi sonshi.

Amma akwai inda na kusa ɓata aikin. Da farko in yamma tayi sai in cire mata in barta a filin na ɗan lokaci dan tausayi, ashe cikin ɗan lokacin nan take rama duk abinda ta rasa, kai ko ɗagowa bata yi. Sati uku awo bai motsa ba. Yanzu ana cirewa sai barga, a bata busasshiyar ciyawa da aka jiƙa a ruwa dan sugan ya ragu, a awo ba a ido ba. Kuma baya wuce awa 10 zuwa 12 a fuskarta a rana, haka masana suka ce. Tsayin ciyawar ma yana da magana, in tayi gajarta da yawa bata shiga ramin, in tayi tsayi sai ta kwanta a ƙarƙashinsa dabbar tayi ta fama a banza. Safiyar da aka kwana da sanyi mai ƙanƙara rana kuma ta fito ƙal, ko da takunkumin bana fitar da ita da wuri, lokacin ne sugan yake taruwa a ciyawa.

Abinda har yanzu yake damuna haƙoran gabanta ne, suna gogar robar kullum, na ga gefensu ya fara ɗan cinyewa, shi yasa nasa a dubasu wata mai zuwa. Sannan bata iya sosa wa ƙawarta baya da baki kamar da, sai kaga ta matsa kusa da ita ta tsaya kawai. Duk da haka Mayun bana ya wuce ko ɗingishi bata yi ba, mai gyaran kofato ma da yazo ya ɗaga ƙafar ya duba yace sabon kofaton da yake saukowa lafiya lau yake. Ramin na yanzu ya fara faɗi saboda ci, kafin Afrilu zan sayi wani irinsa sak.