WDIA ta Memfis: tashar da hirarta ta fi kiɗanta armashi

WDIA tashar rediyo ce a birnin Memfis na jihar Tenesi a Amurka, tana watsa shirye-shirye a kan kilohaz 1070 a matsakaicin zango, kuma yanzu tana hannun kamfanin iHeartMedia. Wanda zai buɗe ta don tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen Amurka kawai, gara ya adana datarsa, domin waƙoƙin nan suna ko'ina a intanet ba tare da talla ba. Abin da tashar take da shi wanda ba a samu a wani wuri shi ne muryoyin mutanen gari da ke bugo waya, kuma wannan tsohuwar sana'arta ce.

Fararen fata biyu, John Pepper da Bert Ferguson, su suka buɗe ta ranar 7 ga Yuni 1947, da injin watsawa mai ƙarfin wat 250 kacal a kan kilohaz 730, kuma da rana kaɗai take aiki. Kiɗan turawan karkara da waƙoƙin yayi suka fara sawa, irin abin da sauran tashoshin garin ke yi, kasuwa kuwa ta ƙi. Alhali kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen Memfis baƙaƙe ne, ba mai yi musu magana a rediyo. Neman mafita ne, ba tausayi ba, ya sa aka ba Nat D. Williams makirufo ranar 25 ga Oktoba 1948. Malamin makarantar sakandaren Booker T. Washington ne, marubucin jarida kuma, sananne a titin Beale, cibiyar kiɗan baƙaƙen garin. Kafin 1949 ta ƙare duk shirye-shiryen tashar sun koma na baƙaƙen fata, abin da babu tashar da ta riga ta yi a Amurka. A lura da wani bambanci da ake yawan cakuɗawa: muryoyin na baƙaƙe ne, jarin na farare. Tashar farko da baƙar fata ya mallaka ita ce WERD ta Atlanta, wadda Jesse B. Blayton ya saya a 1949. WDIA ba ta samu baƙar fata a kujerar babban manaja ba sai 1972, lokacin Chuck Scruggs.

A 1954 aka ɗaga ƙarfinta zuwa wat 50,000, ta koma 1070, sai muryarta ta ratsa gonakin audugar Misisipi har zuwa gaɓar teku ta kudu. A ɗakin watsa shirye-shiryenta shahararren mawaƙin nan B.B. King ya fara suna, yana waƙar tallan wani maganin ƙarin ƙarfi mai suna Pepticon. Mawaƙi Rufus Thomas ya yi shekara da shekaru yana gabatar da shiri a can, haka Martha Jean Steinberg kafin ta koma Ditroit. Amma abin da ya ɗaure mutane da tashar shi ne sanarwa: cigiyar yaro, cigiyar dabba, neman aiki, taron coci. Duk wanda ya tashi da jin cigiya da gaishe-gaishe a rediyon jiha zai gane wannan nan take. Daga kuɗin bikin kiɗan da take shiryawa duk shekara aka sayi motocin kai yara naƙasassu makaranta, aka ɗauki nauyin ƙungiyoyin wasan yara. A farkon shekarun 1980 kuma ta taya tara kuɗin ceto otal ɗin Lorraine, inda aka harbe Martin Luther King a 1968, otal ɗin kuma ya zama gidan tarihi a 1991.

Yau tsarin bai kauce sosai ba. Da safe kiɗa ne da hira da kiran waya. Bobby O'Jay ya riƙe wannan fili shekaru da dama har rasuwarsa a watan Mayun 2022. Da tsakar rana akwai shirin Bev Johnson, inda ake baje zancen aure, lafiya, kuɗi da siyasar gari, kuma shi ne wurin da ya kamata sabon mai sauraro ya fara. Masu bugowa galibi manya ne, sun san juna da murya, suna gardama ba kunya, wani lokaci mai gabatarwa ya bar mutum ya yi ta zuba har ya saki hanya. Wannan sakin layin aibi ne ga mai gaggawa, amma a cikinsa ake jin yadda talakan Memfis ke kallon 'yan sanda da kuɗin wuta da magajin gari. Asabar ranar blues ce, wato tsohon salon kiɗan baƙaƙen kudancin Amurka, Lahadi ta waƙoƙin coci.

Sai batun kamawa. Kada a wahalar da rediyo mai gajeren zango, tashar ba ta can. Matsakaicin zango kuma ba ya tsallake tekun Atlantika ya iso ƙaramin akwatin gida. Ko a Amurka ma, da rana ta faɗi ana rage ƙarfinta zuwa wat 5,000, saboda da dare irin wannan zango yana tunkuɗo sama ya yi nisa ya shiga wa wasu tashoshi masu lamba ɗaya. Saura intanet, ta manhajar iHeartRadio ko shafinta. Nan ne matsala ta farko: manhajar ba a kowace ƙasa take buɗe ba, saboda lasisin waƙoƙi ƙasa-ƙasa ake biyansa. Idan ba ta fito a rumbun manhajojin wayarka ba, gwada shafin ta burauza, ka rubuta WDIA a wurin bincike. Idan nan ma an rufe, masu amfani da VPN, manhajar da ke sa waya ta zama kamar tana wata ƙasa, kan saita ta a Amurka, sai dai tana cin batir, kuma ta kyauta kan sa sauti ya riƙa yankewa.

Data ba ta da yawa. Sautin da ke zuwa a kilobit 64 cikin daƙiƙa yana cin kusan megabait 29 a awa, na kilobit 128 kuwa kusan 58. Gigabait ɗaya ke nan zai kai awa 17 ko a mafi tsada. Idan sauti na tsinkewa, wani lokaci ba ƙarancin gudu ba ne, wayar ce ke kashe manhaja idan allo ya mutu. A cire ta daga jerin waɗanda ake tsimin batir a kansu.

Agogo shi ke rikita mutane. Najeriya da Nijar suna gaban Memfis da awa 6 daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadi ta farko a Nuwamba, sauran watanni awa 7. Ƙarfe 6 na safiyarsu azahar ce a Kano, tsakar ranarsu kuma wajen magariba. Wanda ya kunna da safiyar nan tsakar darensu zai tarar, waƙa ce kawai ba kowa a kan layi, sai ya ɗauka tashar ba ta da rai.

Abu biyu za su gundure ka. Talla tana zuwa a jere, mintuna da dama, ta lauyoyin haɗarin mota da dilolin motoci waɗanda ba ruwanka da su, kuma a intanet wani lokaci tallan da aka cusa yana cinye farkon maganar mai gabatarwa. Na biyu, Turancin kudancin Amurka ne, da jan baƙi da haɗiye ƙarshen kalma, ta layin waya kuma. Wanda ya saba da Turancin labaran BBC zai buƙaci 'yan kwanaki kafin kunnensa ya zauna, kuma da abin sawa a kunne ya fi sauƙi fiye da lasifikar waya.